Ranar da Kano Ta Amsa wa Ɗan Sama Jannati

A wani ƙauye na ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano, inda gona ke jingine da gona har ba a samun wurin da za a kira daji, an yi wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shi ya riƙe gandu tun da mahaifinsu ya rasu. Daga aji shida na firamare ya ajiye littafi ya ɗauki fartanya. Da rani shi ke kai taki gona, mangala bayan mangala a kan jaki, ya jera shi tsibi-tsibi. Da kaka ya sayar da wake da gyaɗa, wani lokaci har da ragon da matarsa ta turke, ya aika wa ƙaninsa kuɗin makaranta. Ƙanin shi ne Auta. Allah ya ba shi kai, ya yi ta haye aji har ya gama Jami'ar Bayero, inda ya karanci labarin ƙasa, ya kuma ƙware a karanta hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗaukowa daga sama.

Wata shekara damina ta faɗi da kyau. An yi shuka, an yi noman farko, an yi maimai, gero ya fara ɗaukar ciki, sai ruwa ya ɗauke cak. Mako ɗaya, mako biyu, har aka shiga na uku. Ganyen dawa ya naɗe, gyaɗa ta yi laushi, aka fita roƙon ruwa. Ko da ruwan ya dawo, wasu gonakin sun riga sun tafi. Sai wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta ce za ta raba hatsi da irin shuka ga waɗanda farin ya fi taɓawa, ta ɗauki Auta aikin fitar da sunaye a gundumarsu. A takardar aikin an rubuta ƙarara cewa a duba hoto, sannan a taka a je a gani da ido.

Auta ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe kwamfuta. Hotunan na wani tauraron Turai ne mai suna Sentinel-2, wanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 800 daga ƙasa. Duk kwana biyar ake samun sabon hoton wuri ɗaya, kuma kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Abin da na'urar ke aunawa shi ne hasken da ganye ke mayarwa sama. Inda ganye ya yi yawa kuma yana da rai, sai wurin ya fito kore shar a allon. Inda ƙasa ta bayyana ko shuka ta bushe, sai ya fito ja-ja. Auta ya ɗora taswirar gonakin gunduma a kan hoton, ya ce duk wanda gonarsa ta yi ja ya shiga jerin, mai kore kuwa Allah ya rufa masa asiri.

Yaya ya dawo daga gona da yamma, ƙafa duk laka, ya tsuguna a gefen tabarmar yana leƙen allon. Can ya nuna wani kore da ɗan yatsa.

"Auta, wannan ta bakin burtali ba gonar Iya mai daddawa ba ce?"

"Ita ce, Yaya. Ka ga ta fi ta kowa kyau."

"Kyau? Ai babu komai a ciki sai ciyawa. Ciwon ƙafa ya kwantar da ita tun farkon damina, ɗanta kuma yana Legas. Ko noman farko ba a gama mata ba. Harkiya ce ta rufe geron, abin da ya rage kuma ƙuduji ya shanye."

Auta bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Yaya, wannan fa ba aikin fartanya ba ne. Abin da ya hango daga can ya fi abin da kai ka gani daga kan kunya. Ka bar ni da abin da na sani."

Yaya ya dube shi ya jima, ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa ya shige gida. Bai sake cewa uffan ba. Kwana biyu Auta ya gama aikin da aka ɗibar wa mako biyu, ya aika jerin sunaye birni, ƙafarsa ba ta taka gona ko ɗaya ba.

Ranar da aka karanta sunaye a ƙofar gidan dagaci, jama'a sun cika wurin. Suna na farko da ya fito shi ne na wani Alhaji mai motocin haya, wanda ya share filinsa bana bai shuka komai ba don zai buga bulo a ciki. Wurin ya ɗauki dariya. Aka ci gaba da karatu har ƙarshe, ba a ji sunan Iya mai daddawa ba. Tsohuwar ta dogara sandarta ta tashi, ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta kama hanya. Sai dariyar ta koma gunaguni. Wani ya ce aikin 'yan boko ke nan. Wani ya ce an ci kuɗi. Yaya yana can baya, aka ji yana gaya wa na kusa da shi, "Na faɗa masa, ya ce in bar shi da abin da ya sani."

Daga ranar 'yan'uwan suka daina cin tuwo kwano ɗaya. Auta ya ce gajimare ne ya ɓata hoton. Yaya ya ce ya yi asarar wakensa a kan wanda ba ya jin magana.

Suna da baffa, wan mahaifinsu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya tun da daɗewa, wanda ba a raba shi da rediyo da wani tsohon akwatin littattafai. Ya aika a kira masa su bayan sallar isha'i. Suka zo suka durƙusa, kowa ya zauna a gefensa daban. Baffa bai taɓo zancen sunaye ba. Ya rage muryar rediyo ya ce, "Kai Auta, kai da ka yi karatun sama, ka san Kano ta taɓa yin magana da mutumin da ke cikin sararin samaniya?"

Auta ya ce, "Kano dai tamu, Baffa?"

"Ita fa. Ranar Talata ce, 20 ga Fabrairun 1962, tsakiyar watan azumi. Sarki Sanusi yana kan gadon Dabo, Sardauna yana Kaduna, Tafawa Ɓalewa yana Legas, dalar gyaɗa tana tsaye a birni. Ni ina ɗan makaranta. An yi kwanaki ana iska da hazo, leɓe duk ya tsage. Daga baya malaminmu ya shigo aji ya ce mana, a ranar nan, wajen la'asar, wani Ba'amurke ya wuce ta saman kawunanmu. Muka ɗauka wasa yake yi. Da na zama malami sai na bi labarin, na karantar da shi shekara da shekaru. Kana da waya a hannunka, duk inda na kauce ka gyara mini."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Sunansa John Glenn. An haife shi a 1921 a jihar Ohio, ya tashi a wani ƙaramin gari, New Concord. Ubansa mai gyaran famfo ne, uwarsa malamar makaranta. Ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya. A 1959 aka zaɓe shi cikin mutum bakwai na farko da Amurka ta ware don zuwa sama. Lokacin Rasha ta sha gabansu. Ita ta fara harba tauraron ɗan Adam a 1957. Ranar 12 ga Afrilun 1961 mutuminta Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya ya sauko lafiya, a watan Agusta kuma Titov ya yini ya kwana a can. Amurkawa biyu da suka tashi kafin Glenn, hawa kawai suka yi suka faɗo cikin minti goma sha biyar. Shi ne aka ce ya je ya kewaya."

Yaya, da tun zuwansu bai yi magana ba, ya ce, "To ina ruwan Kano a ciki, Baffa?"

"Yawwa, ɗana, tambayar ke nan. Irin rediyon da suke magana da shi ba ya lanƙwasa, sai dai ya tafi miƙe. Duniya kuwa a dunƙule take. Da zarar kumbon ya faɗa bayan doronta, mutanen da suka harba shi daga Florida ba za su ƙara jin sa ba. Ga shi yana gudun kusan kilomita dubu 28 a sa'a, yana gama kewaye ɗaya cikin kamar sa'a ɗaya da rabi. Dole aka kafa tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu a tudu, wasu a kan jiragen ruwa, wannan ta karɓe shi ta miƙa wa waccan. Daga tsibiran Kanari sai Kano, daga Kano sai Zanzibar, haka har Ostireliya da Hawai. Kowace tasha 'yan mintoci kawai take samu da shi. A cikinsu za ta ji muryarsa, ta karɓi bayanin bugun zuciyarsa da iskar da ya rage masa da man da ke cikin kumbon, ta aika Amurka nan take. Da babu waɗannan masu zaman jira a ƙasa, da mutumin ya zama kurma kuma bebe a can."

Auta ya riga ya fito da waya yana dannawa. Can ya ce a hankali, "Wallahi ga sunan Kano nan a taswirar tashoshin."

"To karanta mana abin da ya ce da ya zo kanmu."

Auta ya karanta, yana mayarwa da Hausa. An harba kumbon, mai suna Friendship 7, da ƙarfe 9:47 na safe agogon Florida, wato saura kaɗan ƙarfe huɗu na yamma a Kano. Kimanin minti 20 bayan haka ya riga ya ƙetare tekun Atlantika ya shigo Afirka. Glenn ya leƙa ta taga ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa. Su kuma suka amsa masa cewa lallai an yi mako guda ana iska mai ƙarfi.

Baffa ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Mutum yana nisan sama da kilomita 160 a kanmu, duniya duka ta kasa kunne gare shi. Ya ga abu, ya faɗa wa na ƙasa, na ƙasa ya ce haka ne, ga ma dalilinsa. Shi ya ga faɗin ƙurar, abin da mu ba za mu taɓa gani ba. Su kuma sun san kwana nawa ta yi, don su ne suke shaƙar ta. Sai da aka haɗa biyun maganar ta cika."

Auta ya sunkuyar da kai. Baffa ya yi kamar bai gani ba.

"Bari in koma baya kaɗan. Kafin tashin, an ɗage ranar sau da yawa, yau gajimare, gobe matsalar roka. Hanyar da kumbon zai bi kuwa, da inda zai faɗo, kwamfuta ce ta lissafa, irin ta zamanin, wadda ke cika ɗaki. Glenn bai saki jiki da ita ba. Akwai wata mata a ofishin masu harba kumbon da ke Virginia, Katherine Johnson, baƙar fata, a ƙasar da a lokacin baƙaƙe ba sa shiga makaranta ɗaya da farare a jihohi da dama. Aikinta lissafi. Glenn ya ce a ba ta ta sake bin lambobin da hannunta, in ta ce sun yi daidai, shi ya shirya. Ta zauna kwana ɗaya da rabi tana bi ɗaya bayan ɗaya, lissafinta ya zo daidai da na kwamfuta. Sannan ya hau. Yawancin jaridun lokacin hotonsa suka buga, ba nata ba. Sai a 2015, tana da shekara 97, Shugaba Obama ya rataya mata lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar. Amma shi wanda zai sa ransa a kan lissafin, tun ranar ya san darajarta."

Ya kurɓi ruwa, ya ajiye kofin.

"Kumbon nan fa, kada ku ɗauka wani babban jirgi ne. Bai fi ɗan ƙaramin rumbu ba, gindi mai faɗi, kai tsukakke, mutum ɗaya ne a ciki a kishingiɗe, ko miƙe ƙafa ba ya iyawa sosai. A ƙarshen kewaye na farko na'urar da ke daidaita shi da kanta ta fara gardama, sai ya karɓi tuƙin da hannunsa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar fitinar ita ce wata alama da ta iso wa mutanen ƙasa, tana nuna cewa garkuwar da ke gindin kumbon ta saki. Garkuwar nan ita ce rai. In kumbo zai dawo, yana shigowa cikin iskar duniya da gudun nan, gugar iska kan mayar da gindinsa wuta. In babu garkuwa, mutum toka zai zama kafin ya iso. Manyan suka yi shawara, suka ce a bar masa ƙunshin ƙananan rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, kada ya yar da shi kamar yadda aka tsara, ko igiyoyinsa za su riƙe ta. Glenn ya bi umarni. Yana saukowa yana ganin gutsattsarin ƙarfe suna ci da wuta suna wucewa ta tagarsa, bai sani ba ko ƙunshin ne ke ƙonewa ko garkuwar ce ke wargajewa. Rediyo ya yanke na wasu mintoci. Sai ga muryarsa. Laima ta buɗe, ya faɗa tekun Atlantika, jirgin ruwan soja mai suna Noa ya tsamo shi. Kewaye uku, sa'a huɗu da minti 55."

Yaya ya ce, "Ikon Allah. Ashe igiyoyin sun riƙe."

"Da aka bincika, garkuwar lafiyarta ƙalau. Ɗan makunnin da ke ba da alamar ne ya lalace. Na'ura ce ta yi ƙarya." Baffa ya juya wajen Auta. "Na'urar da masanan Amurka suka ƙera, suka gwada, suka sake gwadawa, ta faɗi abin da ba shi ne ba. Taka kuwa ba ta ma yi ƙarya ba. Ta ce akwai kore a gonar Iya, kuma akwai. Ba ta san gero ba, ba ta san harkiya ba. Kai ka san su, tun kana yaro kake cirar ciyawa a gonar ubanka. Tafiyar minti goma ce daga zauren nan zuwa bakin burtali. Girman kai ne ya ɗaure maka ƙafa."

Auta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Haka ne, Baffa. Ba gajimare ba ne."

Yaya ya ɗan gyara zama irin na wanda shari'a ta ba gaskiya. Baffa ya juyo kansa.

"Kai ma da saura. Mutanen ƙasan nan da suka ga alamar, ba su fito fili sun gaya wa Glenn ba. Sai wannan tasha ta tambaye shi ko wani makunni yana kashe, waccan ta tambaye shi ko yana jin wani abu na kaɗawa. Shi ya harhaɗa tambayoyin ya gane akwai abin da ake ɓoye masa. Da ya sauko bai ji daɗin haka ba, ya nuna musu cewa wanda ke cikin kumbo ya kamata a gaya masa duk abin da aka sani, don ransa ne a ciki. Kai ka san gonar Iya ta mutu. Ka san Alhaji bai yi shuka ba. Ka faɗa sau ɗaya, yaro ya yi maka rashin kunya, sai ka kama bakinka kana jira ya faɗi ka ce ai na faɗa. Me ya hana ka zo wurina? Me ya hana ka je wurin mai unguwa kafin takarda ta tafi? Ka hukunta ƙaninka, amma Iya ce ta biya tarar."

Yaya ya yi shiru. Can ya ce, "Zuciya ce, Baffa. Allah ya huci ranka."

"Ba ni za ku ba haƙuri ba."

Auta ya tambaya ko me ya zama ƙarshen mutumin. Baffa ya ce ya shiga siyasa, mutanen Ohio suka zaɓe shi sanata a 1974, ya yi shekara 24 a Majalisar Dattawa, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan dokar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1978. A watan Oktoban 1998, yana da shekara 77, ya sake komawa sama a kumbon Discovery, ya yi kwana tara likitoci suna auna barcinsa da jininsa don su gane yadda jikin tsoho ke yi a can. Sanata guda, jarumin ƙasa, ya yarda ya zama na ƙasa a jerin ma'aikatan jirgin, yana karɓar umarni daga waɗanda ya haifa. Ya rasu ranar 8 ga Disamban 2016 yana da shekara 95, shi ne na ƙarshe cikin bakwai ɗin nan. Kumbonsa na farko yana ajiye a gidan tarihi a Washington.

"Mu ma," in ji Baffa, "mun kafa hukumar sararin samaniya a 1999, mun harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Ilimin da ka karanta jikan wancan tafiyar ne, kuma ilimi ne mai amfani, kada wani ya raina maka shi. Sai dai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ku tashi, dare ya yi."

Washegari bayan sallar asuba Yaya ya tayar da babur, Auta ya hau baya rungume da kwamfuta. Suka fara da bakin burtali. Auta ya shiga gonar Iya, ciyawa har gwiwa, jiƙe da raɓa. Ya buɗa ta da hannu, sai ga geron a ƙasa, siriri, rawaya, bai kai kamu biyu ba, furen ƙuduji ya kewaye gindinsa. Ya ciro tushe ɗaya ya juya shi a hannu, saiwar ƙudujin tana manne da ta geron. Ya ɗauki hoto, ya rubuta.

Haka suka yi ta bi, gona bayan gona. Yaya ya san wadda aka yi wa binne da wadda aka shuka bayan ruwa, ya san wadda wake ya rufe ƙasarta har ta yi kore alhali dawar cikinta ta tafi, ya san wadda inuwar ɗorawa ta ruɗi hoton. A wata gonar kuma Auta ya juya masa allon ya nuna masa wani jan layi da ya ratsa gonaki kusan ashirin, ya bi ta ƙauyuka uku. Yaya ya san zaizayar da ke cin gefen gonarsu, amma bai taɓa sanin kwari ɗaya ne da wanda mutanen ƙauyen gaba ke kuka da shi ba, kuma daga tudu ɗaya ruwan ke gangarowa. Ya daɗe yana kallon layin, ya ce, "Ashe abin nan naka yana gani."

Auta ya ce, "Yana gani, Yaya. Sani ne ba shi da shi."

Da suka gama, Auta ya rubuta wa ƙungiyar cewa jerin farko nasa ne kuma bai taka gona ba, ga na biyu. Aka karɓi gyaran, aka cire sunan Alhaji da wasu, aka sa waɗanda suka cancanta. Amma rabon farko ya riga ya wuce, kuma an zaftare wa Auta kuɗin aikinsa. Kafin rabo na biyu ya zo, Yaya ya buɗe rumbu ya fitar da dami biyu na tsohon gero, Auta ya ɗauka a ka har gidan Iya. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, ni na cire sunanki, ba kowa ba. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ubanka ma ya taɓa nome mini gonar nan shekarar da maigidana ya rasu. Allah ya yi muku albarka." Ranar Asabar samarin unguwa suka yi mata gayya, suka share ciyawar, suka zuba mata wake ko za a samu abin da damina ta rage.

Da rani ya yi, dagatan ƙauyukan uku suka zauna a kan maganar kwarin, da taswirar Auta a gabansu, Yaya yana nuna musu inda ya kamata a jera duwatsu da buhunan ƙasa.

Darasin labarin nan bai tsaya a gona ba. Kullum muna tura 'ya'yanmu sama: jami'a, ofis, majalisa, ƙasashen waje. Daga can suna hango abin da mu ba ma gani, kuma muna bukatar wannan hangen. Amma duk wanda ya hau, wasu ne suka riƙe masa tsani, kuma akwai abin da ba a sani sai an taka. Likitan da ba ya sauraron majinyaci, da jami'in da ke raba taki daga kan tebur, da ɗan majalisar da ba a gani sai lokacin zaɓe, duk ciwo ɗaya ke damun su. Wanda Allah ya ɗaga, ya riƙa tambayar na ƙasa kafin ya yanke hukunci. Wanda kuma yake ƙasa ya san gaskiya, ya faɗe ta, in an ƙi ji ya sake faɗa, ya kai ta inda za a ji, domin idan na sama ya yi girman kai, na ƙasa ya yi fushi, marar ƙarfi ne ke kwana da yunwa.